Wanki Babu Ruwa

Gizo-gizo ya yi saƙa a bakin famfon layin, ya zauna ya hayayyafa, har 'ya'yansa sun ja nasu zaren zuwa jikin katanga. Wannan saƙar ce wata baƙuwa, 'Yar Ƙungiya, ta durƙusa tana ɗaukar hotonta da waya ranar da ta fara shigowa layin, tana karkata kai hagu da dama don haske ya faɗa daidai. Mai Wanki yana ƙofar shagonsa da dutsen guga a hannu, yana yi mata irin kallon da majinyaci ke yi wa ɗan dubiyar da ya shigo yana yaba fentin asibiti.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa ta wuce, famfon bai ɗiga ba. Da farko yakan yi tari da sassafe ya tofar da jan ruwa, daga baya tarin ma ya bari. Mutanen layin sun je ma'aikatar ruwa sun ɗumama benci sun dawo. Sun tura dattawa, aka ba su lemo mai sanyi, aka ce ana kan aiki. Da abin ya ishe su, samari suka tare titi da tayoyi, 'yan sanda suka zo suka kwashe su, iyaye suka yi ta sintiri kafin a sako su, kuma ko gidan rediyo ɗaya bai ambata ba. Daga nan kowa ya ja bakinsa ya koma wa 'yan garuwa.

Duk layin babu wanda abin ya shaƙe kamar Mai Wanki. Tela zai yi ɗinkinsa ko da ƙishirwa, kafinta ma haka, amma mai wanki ba ruwa ai manomi ne ba gona. Abin da ke riƙe da shagonsa shi ne zannuwan gado da tawul-tawul na otal ɗin bakin titi, aikin da ya samu tun yana da baƙin gashi. Yanzu da ruwan saye yake wanke su, ruwan rijiya mai laka, kuma ɗauraya ɗaya yake yi, inda a da yakan yi ta yi har sai ruwan ya fito garai. Farin ya fara komawa ruwan ƙasa, bula ta kasa rufa masa asiri. Manajan otal ya taɓa ɗaga wani zanin gado a gaban taga, ya daɗe yana kallo, ya ninke ya ajiye. In otal ya janye kayansa, shago ya mutu. Mai Wanki ya san haka, matarsa ma ta sani, shi ya sa ba sa maganar.

A rumfar Mai Aski 'Yar Ƙungiya ta tara su. Yarinya ce siririya mai saurin magana, da gilashi a ido da jaka a baya, daga wata ƙungiya da ke bin haƙƙin unguwanni. Ta ce musu fushi ya yi arha, kowa yana da nasa a gida, babu mai tsayawa kallon na wani. Amma abin dariya, mutum da kansa zai tura wa ɗan'uwansa, ɗan'uwan ya tura wa abokinsa, kafin rana ta faɗi ya kai wayar shugaban ma'aikatar. Ta ce babban mutum yana iya kwana da zagi, amma ba ya iya kwana da dariya. Saboda haka za su je ƙofar ma'aikatar ruwa da bahuna da bokitai da garin sabulu da igiyar shanya, su zauna su yi wanki sosai, da cuɗawa da matsewa da shanyawa, babu ko ɗigon ruwa. Ita za ta kawo 'yan jarida.

"Wato 'yan kama za mu zama," in ji Mai Wanki. "Yarinya, na yi furfura ina wanke dauɗar mutane, ban taɓa yi wa kowa rawa don ya ba ni haƙƙina ba."

"Baba, kun yi roƙo, kun yi fushi. Me ya rage muku?"

Mai Aski ya ajiye almakashi. Abokin Mai Wanki ne tun ƙuruciya, kuma tun ƙuruciyar ba su taɓa gaisawa ba tare da sun ciji juna ba. Ya ce shi ya yarda, har ma zai yi wanka a gaban ƙofar, da soso da sabulu da tawul a kafaɗa. Sannan ya nuna abokinsa da mataji.

"Kai kuwa ba sai ka yi rawa ba. Da wannan fuskar taka kamar an kawo maka sammaci, kana zama an gama dariya."

'Yar Ƙungiya ta ce ai fuskar take so, don wasa ba ya kamawa sai da mutum ɗaya a tsakiya wanda ba ya wasa. Mai Wanki ya yi tsaki ya tashi. Amma washegari, bayan ya sake duba zannuwan otal a hasken rana, shi ya fara fito da babban bahonsa ya jingine a ƙofa.

Akwai abin da ba a ambata a rumfar ba, saboda kowa ya sani. Mai magana da yawun ma'aikatar ruwa ƙanen Mai Wanki ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Gari yana kiransa Kakaki, yayansa yana kiransa Auta. Da ubansu ya rasu, wannan dutsen gugar ne ya kai shi makaranta har ya fito. Yanzu shi ke bayyana a talabijin cikin farar riga, yana murmushi yana cewa ruwa ya isa ko'ina sai ɗan abin da ba a rasa ba. Farar rigar kuma a wannan shagon ake goge ta, don ya ce duk garin ba mai tsayar da wuyan riga kamar Yaya. Yakan kawo, ya karɓa, su gaisa a tsaye. Zumuncinsu ya koma kamar tsohon zani, ba a yar ba, ba a kuma fita da shi.

Ana saura 'yan kwanaki a je wankin, Auta ya zo da la'asar, ya ajiye mota a bakin kwata, ya shigo da riguna a leda. Mai Wanki ya yi ta juya abin a ransa yana hura gawayi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A zuci ya hango ƙanensa tsaye a ƙofar ma'aikata, mata suna shanya tsummokara a gabansa, duniya tana dariya, ya ji abin bai kwanta masa ba, ko da yake yaron shi ya ja wa kansa.

"Ranar Talata kada ka je aiki," ya ce, bai ɗago ba. "Ka ce ciki ke damunka."

Auta ya tambayi dalili, aka ce ba dalili. Ya zauna a kan wani ƙullin kaya, abin da ya daɗe bai yi ba, ya fara jan zaren a hankali. Sana'arsa ke nan, ya san ta inda ake taɓa mutum ya yi magana. Ya ce in tayoyi za su sake ƙonawa gara Yaya ya cire hannunsa, don wannan karon ba za a saki kowa ba. Mai Wanki ya fusata ya ce su ba 'yan daba ba ne, ba mai ƙona komai. To me za su yi? Kafin gawayin ya gama kamawa, Auta ya ji bahuna, ya ji igiya, ya ji 'yan jarida, ya ji hantsi.

Ya yi dariya har da dafe ciki. "Yaya, da girmanka?"

"Da girmana nake goge rigar da kake shiga ka yi mana ƙarya."

Dariyar ta tsaya. Auta ya ce shi ba shi ke buɗe ruwa ba, ba shi ke binne bututu ba, magana aka ɗauke shi ya yi.

"To ka yi ta yi," in ji Mai Wanki. "Mu kuma mu tara mu sha."

Auta ya tashi ya kakkaɓe wandonsa ya fita ba sallama.

Ranar Talata da hantsi suka jeru a gaban ƙofar ma'aikatar. Gini ne na bene da ciyawa kore shar a gabansa, abin da ya sa wata tsohuwa ta tambaya ko ita ciyawar a wane layi take zaune. Aka ɗaura igiya daga sandar lantarki zuwa ƙarfen ƙofa. Mata suka zazzaga garin sabulu a busassun bahuna suka duƙa suna cuɗa kaya, ƙura tana tashi, suna atishawa. Su matse, su yarfa, su shanya da dattinsa, su ja da baya su duba ko ya fita. Mai Aski ya tuɓe riga ya ɗaura tawul, ya tsuguna a gefen bokitinsa na ƙarfe, yana kamfato iska da moɗa yana sheƙa wa kansa, yana rawar ɗari yana cewa yau ruwan da sanyi. Masu wucewa suka tsaya. Masu babura suka kashe inji. Masu gadi suka rasa yadda za su yi, don ba a koya musu kama mutum saboda yana wanka da iska ba. Ɗayansu ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

A tsakiya Mai Wanki yake, kan 'yar kujerarsa ta aiki, da babban baho a tsakanin ƙafafu da farin zani a ciki. Bai kalli kowa ba. Yana cuɗawa yadda ya saba, da ƙarfin kafaɗa, ya ɗaga zanin ya nemi tabo, ya ɓata fuska ya mayar. Duk kyamarorin suka dawo kansa. 'Yar Ƙungiya tana zagayawa tana maimaita wa 'yan jarida sunan layin, idanunta suna ƙyalli. A saman bene an fara leƙowa ta tagogi ana sakin labule da sauri. Can cikin ransa Mai Wanki ya fara yarda cewa yarinyar ta san abin da take yi.

Sai aka wangale ƙofa. Tankar ruwa ta fito a hankali, an wanke ta tana sheƙi, an ɗaɗɗaura mata ƙyallaye masu launi. A gabanta Kakaki ne, ya naɗe hannun farar rigarsa, lasifika a hannu ɗaya, tiyo a ɗayan. Ya gai da iyaye mata, ya gai da iyaye maza. Ya ce ma'aikata ta ga baƙi sun zo wanki, kuma ba a san ta da barin baƙo ba ruwa ba. Ya ɗaga kai, direba ya murɗa famfon tankar.

Ruwa ya fito fari tas, mai ƙarfi, ya daki kwalta ya fantsama.

'Yar Ƙungiya ta ruga tana cewa kada kowa ya tara, tarko ne, a ci gaba yadda aka tsara. Gaskiya ta faɗa. Sai dai ita a gidansu famfo yana zuwa. Matar da ta saba auna wa 'ya'yanta ruwan wanke fuska da kofi ba za ta ga ruwa mai kyau yana bin kwalta zuwa kwata ta tsaya wasan kwaikwayo ba. Tsohuwar nan ce ta fara tura bokitinta, wai kada a yi asara. Shi ke nan. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Bahuna suka cika, garin sabulun da aka zuba don wasa ya tashi ya yi kumfa, kayan da aka kawo don a nuna dattinsu suka fara fita. Mata suna ture juna suna dariya, dariyar gaske wannan karon. Mai Wanki ya hango matarsa da bokiti a kowane hannu, suna haɗa ido ta kawar da kai. Mai Aski yana nan tsugune, Kakaki ya ɗan karkato tiyo ya jiƙa shi sharkaf, jama'a suka kwashe da shewa. Ya miƙe da sabulu a ido yana zagi, amma a hoto kamar murna yake.

Baho ɗaya ya rage busasshe. Kakaki ya tako har gabansa, kyamarori suna biye da shi. Ya lanƙwasa tiyon don ruwan ya rage ƙarfi, ya russuna kamar mai ladabi.

"Jama'a, wannan yayana ne, shi ya rene ni. Duk garin nan ba wanda ya kai shi iya wanki." Ya sa bakin tiyo a bahon. Sannan ya kawar da lasifika, ya yi ƙasa da murya. "Cikin ya yi sauƙi, Yaya."

Kumfa ta taso ta rufe hannuwan Mai Wanki har gwiwa. Bai cire su ba, bai kuma cuɗa ba.

Kafin yamma hoton ya gama gari. Abin da mutane suka yi ta tura wa juna shi ne ƙane yana zuba wa yayansa ruwa, da mata suna rawa cikin kumfa. Gidan talabijin ya ce ma'aikatar ruwa ta mayar da raha da raha. Sunan layin an ambace shi, amma ba daidai ba. Ruwan da aka ɗebo ya ƙare, famfo yana nan yadda yake.

Da suka sake haɗuwa a rumfa kowa yana hura hanci. Maza suna zargin mata da kwaɗayi, mata suna tambaya ko wa ya sha ruwan da suka ɗebo. 'Yar Ƙungiya ta ce duk da haka an samu ci gaba, don ba a taɓa kallon wani aikin ƙungiyarsu kamar wannan ba. Wani daga baya ya ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mai Aski bai yi wasa ba ranar. Idonsa ɗaya har yanzu ja ne. Ya ce tankar nan ba da safen aka wanke ta aka ɗaura mata ƙyallaye ba, wani ya kai labari, kuma ba daga nesa yake ba. Bai kalli kowa ba, yana ta wasa askarsa a jikin fata.

Mutumin da ya san laifinsa, in bai iya faɗa ba, sai ya fi kowa ɗaga murya. Mai Wanki ya miƙe ya ce kuskurensu ɗaya ne, sun je yaƙi da abin da maƙiyi zai iya cikawa. A koma, amma wannan karon kowane baho da kowane bokiti a huda gindinsa. Su fito da duk tankokin da suke da su in sun ga dama, duniya ta ga ruwan ma'aikata yana zuba ba ya zama, kamar alƙawarinta.

'Yar Ƙungiya ta tafa hannu ta ce wannan ya fi nata. Mata suka yi gunaguni, bokiti ba a bakin hanya ake tsintarsa ba. Mai Wanki ya shiga shago ya fito da ƙusa da guduma da babban bahonsa, ya kifa shi a gaban kowa ya huda, ya sake hudawa, har gindin ya koma kamar rariya. Mai Aski ya daɗe yana dubansa, sannan ya jawo bokitinsa na ƙarfe, wanda ya gada a wurin ubansa tare da askar, ya ajiye a gabansa.

"Huda," ya ce. "In kai ka iya, ni ma na iya."

Bayan wannan ba mai iya noƙewa. Mai biyu ta ba da ɗaya, mai ɗaya ta ba da shi tana cewa Allah ya isa in abin bai yi ba. Har rana ta faɗi ana jin ƙarar guduma a layin. Aka sa Talata mai zuwa, aka yi rantsuwa ba mai faɗa wa ko inuwarsa.

Ana wata ga wata. Washegari manajan otal ya zo da kansa, da ƙullin zannuwa a bayan mota. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya ga Baba a talabijin, abin ya ba shi dariya ƙwarai, amma baƙi sun fara tambaya ko ana canza shimfiɗa. Akwai masu injin wanki a can ƙetaren gari da rijiyar burtsatse tasu, sun daɗe suna bibiyarsa. Saboda daɗewar da aka yi tare zai bar wannan ƙullin. In ya dawo fari kamar da, a ci gaba. In bai dawo ba, kowa ya kama gabansa ba tare da ɓacin rai ba.

Mai Wanki ya kwance ƙullin ya zauna yana kallo. Ya tsayar da ɗan garuwa ya leƙa jarkarsa, ruwan kamar an jiƙa bulo a ciki. Ya tsayar da wani, nasa ya fi muni. Ya sallame su ya sake ɗaure ƙullin.

Ranar Litinin da la'asar motar Auta ta tsaya a bakin kwata. Bai kawo riguna ba. An ƙara masa girma, ko ana shirin ƙarawa, ana ganin haka a tafiyarsa. Matar Mai Wanki ta leƙo daga cikin gida, don shagon a gaban gidan yake, ta gaishe shi, ta tsaya a bayan labule ba ta koma ba.

Mai Wanki ya ce masa in wani labarin ya zo ɗauka, an rufe kanti. Auta ya ce bai zo jin komai ba, ƙarar guduma ta isa har ofis. Ya ce gaskiyar magana bututun layin ya ruɓe tun daga tushe, ba a sa shi a aikin bana ba, ba kuma za a sa shi a na baɗi ba, ko da a kan rufin ma'aikata za su yi wankin. Wannan ba zai faɗa a talabijin ba, amma ya kamata Yaya ya sani. Abin da ke hannunsa shi ne tanka. Zai iya sa ta riƙa biyowa duk mako tana cika wa Yaya gangunansa. Gida ɗaya, ba layi ba. Layi ya fi ƙarfinsa, in ya fara, gobe wani layin ma zai zo da nasa bahunan.

"Me zan biya?"

"Ba komai. Gobe ka zauna a shagonka ka yi aikinka. In ba kai, ba hoto. 'Yan jarida ba za su fito don Mai Aski ba."

"Ka sayar da ni a gaban duniya, yanzu kuma ka zo saye."

"Kai ka ba ni labarin, Yaya. Ban roƙe ka ba."

A bayan labule aka ja numfashi. Mai Wanki ya ɗauki dutsen guga ya ajiye, ya sake ɗauka. Ya ce masa ya fita. Ya ce tun da ya fara sa takalmi mai igiya bai taɓa kawo wa gidan nan abin da babu ƙugiya a ciki ba. Ya ce da ya san abin da makaranta za ta mayar da shi ke nan, da guga ya koya masa, ko ba komai ya mutu da kunyarsa. Auta ya saurara har ƙarshe, kansa a ƙasa, yadda yake sauraron 'yan jarida. Da ya kai ƙofa ya juyo ya ce direba zai biyo da safe. In Yaya ba ya so, ya kore shi, ba dole.

Cikin duk zagin nan kalma ɗaya ce Mai Wanki bai faɗa ba, ita ce a'a. Matarsa ta lura. Kafin rana ta faɗi ta mirgino gangunan ruwa daga bayan gida, ta kakkaɓe su, ta jera a ƙofar shago. Ya buɗe baki, idonsa ya faɗa kan ƙullin otal, ya rufe. Ita kuwa ta ce masa, ba tare da ta dube shi ba, ranar da shago ya mutu layi ba zai ciyar da su ba, kowa jaje zai yi ya wuce. Maganar wanda ya kai labari ba ta taɓa ta ba, kuma shirun nata ya fi masa ciwo.

Da safe mutanen layin suka taru a bakin titi, kowa da hudajjen bokitinsa. 'Yar Ƙungiya tana ta duba waya tana cewa 'yan jarida suna tambaya ko tsohon nan zai zo. Aka ce a jira shi, yana shiri. Suna cikin jira tankar ta kunno kai. Wannan karon ba ƙyallaye, ba lasifika. Suka dare ta bi ta tsakiyarsu, a zatonsu wata sabuwar dabara ce, har wasu sun fara ɗaga bokitai suna nuna wa direba hujin suna dariya. Ta wuce famfo, ta wuce rumfar aski, ta tsaya a ƙofar Mai Wanki. Direba ya sauko ya warware tiyo ya miƙa.

Mai Wanki yana tsaye da hular fita a kansa, hudajjen baho jingine da ƙafarsa. Tun sassafe ya shirya, kuma har ga Allah bai san wanne zai ɗauka ba. Direban ya gaji da miƙo, ya ce Baba a karɓa, yana da sauran wurare. Ya karɓa, kamar dai don ya rage wa mutumin nauyi. Ruwa ya fara dukan gindin ganga, ƙarar ta cika layin.

Suka tako a hankali suka tsaya a ƙetaren kwata. Ba wanda ya yi zagi. Tsohuwar ta matso ta tambayi direba ko za a sam mata, ya ce umarnin gida ɗaya aka ba shi. Ta dubi gindin bokitinta, ta koma baya da kanta. 'Yar Ƙungiya ta ɗaga wayarta, ba ta nemi izinin kowa ba.

Mai Aski ne ya tsallako kwatar, tawul a kafaɗa, bokitin ubansa a hannu. Ya tsaya a gaban abokinsa, ya dubi ganga, ya dubi tiyo. Mai Wanki ya jira cizon da aka saba, har yana fatan ya zo da zafi. Mai Aski ya cire hularsa ya ɗan russuna.

"Ranka ya daɗe," ya ce. "An tashi lafiya?"

Bai jira amsa ba, ya juya ya nufi rumfarsa. Gangar farko ta cika har tana tumbatsa. Mai Wanki ya ɗaga tiyon ya mayar cikin ta biyu.